Zafin inji a motar tabo

Idan lokacin bazara ya zo, motoci masu tabo su ne suka fi jin jiki. Hayaƙin salansa ne ke juya tabo, juyin da ke wuce sau 100,000 a minti ɗaya, ga zafi mai tsanani. Don haka motar tabo ba ta jure sakaci.

Idan allurar zafi ta haura, tsaya ka kashe inji. Kada ka taɓa murfin lagireto sai ya huce, domin ruwan ciki ya wuce digiri 100, zai iya feso maka a fuska. Bayan nan a duba yoyon ruwa, a ga ko fanka na tashi. A leƙa kuma tsakanin lagireto da intakula mai sanyaya iskar tabo, inda ƙurar hunturu da ƙwari ke daskarewa su toshe iska.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar wasu makanikanmu ta cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu da zafi. Wannan ɓoye ciwo ne. Injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, matsalar kuma tana nan.

Masu zuwa a taɓa musu kwamfutar mota don ƙarin gudu, ku sani ƙarin iskar da tabo zai tura na jawo ƙarin zafi. Idan fetur bai da inganci, injin zai fara ƙwanƙwasa, gaskit ya ƙone, fistin ya narke. A gyara lagireto da baƙin mai tukuna. Bayan doguwar tafiya kuma, a bar injin yana aiki minti 1 ko 2 kafin a kashe, don kada man cikin tabo ya ƙone.