Ciwon daji: maganin da aka nema da wuri ya fi araha



Jawabin yau a kan ciwon daji ne, wanda ake ce ma sankara. Wannan ciwo ba sammu ba ne, ba jifa ba ne. Wani ɓangaren naman jiki ne ke girma ba tsari, har ya ci na kusa da shi. A shekarar 2022, mutum kusan miliyan 20 ya kama a duniya.

Maganinsa yana da tsada. A ƙasashe masu arziki ana gano shi da wuri, mutane da yawa su warke. A ƙasashe matalauta, sau da yawa sai ciwo ya ci jiki kafin a je likita. A sayar da bisashe, a taɓa rumbu, kuma a rasa mai ciwon.

Shi ya sa ƙasashen duniya suke neman hanyar da magani zai kai ga talaka. A 2020, Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ɗauki niyyar kawar da sankarar bakin mahaifa. Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke kawo ta, kuma akwai allurar riga-kafinta. Burin shi ne, kafin 2030, a yi ma ƴan mata 90 cikin 100 allura kafin su cika shekara 15. Ƙasar Ruwanda ta fara yi ma ƴan matanta tun 2011.

Awon bakin mahaifa ma ba ya cin kuɗi da yawa. Ungozomar likita tana shafa ruwan binegar a wurin. In ya yi fari, ana iya kashe ciwon tun bai yi saiwa ba.

Nijar ba ta zauna ba. A 2007 gwamnati ta zartar da dokar yi ma mata maganin sankarar nono da ta mahaifa kyauta. A 2021 aka buɗe wurin gasa ciwon daji da na'ura a Yamai. Kafin nan, mai bukatar wannan gashi sai ya fita ƙasar waje.

Amma Yamai da nisa daga ƙauyukan Damagaram, Maraɗi da Tawa. Akwai kuɗin mota, akwai abinci, akwai masauki. Don haka gaggawa ita ce rangwamen talaka.

Mace in ta ji ƙullutu a nono, ko ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ko bayan ta daina al'ada, kada kunya ta sa ta yi shiru. Maigida kuma kada ya ce a bari sai kaka. Ya kai ta likita tun cikin satin nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Allah ya ba mu lafiya, amin.