Ire-iren Suna a Nahawun Ingilishi



Masana nahawun Ingilishi sun kasa suna gida-gida. Akwai sunan yanka, kamar London, wanda akan fara da babban baƙi. Akwai gama-gari, kamar book. Akwai tattarau, kamar committee, mai nuna taro. Akwai kuma ɓoyayye, kamar honesty, wanda ido ba ya gani, hannu ba ya taɓawa.

Amma rabon da ya fi ka da ɗalibi shi ne na suna ƙirgau da wanda ba ya ƙirguwa. Bahaushe yakan ce shawara, ya ce shawarwari. Sai ɗalibi ya zaci Ingilishi ma haka yake, ya rubuta advices, alhali kuwa advice ba ta da jam'i. Haka information da furniture. In Bature zai ƙirga ta, sai ya ce a piece of advice.

Ashe ke nan ƙirguwa ba halin abu ba ne, al'adar harshe ce. Saboda haka wajibi ne malami ya koyar da kowane suna tare da gidansa, tun ran gini tun ran zane, kafin kuskure ya bi ɗalibi har zauren jarrabawa.