Jawabi Kan Yadda Ake Yi Wa Tsohuwar Motar Kaya Kuɗi Kafin Gwanjo

Jawabin wannan wata ya shafi tsohuwar motar kaya da za a kai gwanjo. Sau da yawa maigida yakan rasu ya bar a-kori-kura ko babbar mota a ƙofar gida. Magada sai su ce a sayar a raba kuɗin. Wani lokaci kuma ƙungiyar manoma ce ko ƙaramar hukuma ke son rabuwa da tata. Idan ba a san kuɗinta ba tun kafin a buga ƙararrawa, sai a sayar da ita kamar kayan bola, alhali cikin kuɗin akwai haƙƙin marayu.

Motocin da ake magana a kansu sanannu ne a karkara. Akwai Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1960, da 504 da ta biyo baya a 1968. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Akwai kuma Bedford ta Ingila, da Mercedes 911 mai bodin katako. Waɗannan motoci sun daɗe suna kai hatsi da dabbobi kasuwa, kuma har yanzu wasunsu na kan hanya.

Tsohuwar mota tana da farashi uku. Na farko shi ne kuɗin ƙarfenta, wato abin da 'yan gwangwan za su biya idan sun auna ta a kilo. Na biyu shi ne kuɗin kayanta idan an kwance inji da giyabos da aksul an sayar ɗai-ɗai, kamar yadda ake yi a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Na uku shi ne kuɗinta a matsayin mota mai tashi ta yi aiki. Mai mota ya nemi sanin duka ukun. Na farko shi ne ƙasa. Duk wanda ya sallama ƙasa da shi ya yi asara muraran.

Dubawa tana farawa ne daga takardu. A ɗauko takardar mallaka da lasisi. A karanta lambar shasi da lambar inji a jikin motar, a gwada su da na takarda, harafi bayan harafi. Idan sun saɓa, masu saye za su ja baya don tsoron kayan sata, farashi kuma ya faɗi. Idan an taɓa canza inji, a nemo rasidinsa.

Daga nan sai inji. A samu makanike mai amana, wanda ba shi da niyyar saye. A tayar da motar da sassafe, tun inji yana da sanyi, domin a lokacin ne ciwonta ke bayyana. A dubi hayaƙin salansa. Shuɗin hayaƙi alama ce ta inji yana shan baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi ɗaukewa alama ce ta ruwa yana shiga inji. Baƙin hayaƙi kuwa yana nuna mai ya yi yawa, ba ya ƙonewa sosai. A zaro sandar gwajin mai. Idan man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya gauraya da shi.

Sai a shiga ƙarƙashin motar a dubi shasi. Shi ne ƙashin bayan motar kaya. Inji ana canza shi, amma shasin da tsatsa ta cinye ko ya tsage aka yi masa walda ba ya sake ɗaukar kaya kamar da. Kada sabon fenti ya ruɗi kowa. A bi jikin motar da mayen ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa, an cike rami ne aka shafe da fenti.

Taya ma tana da shekaru. Tayoyin da aka ƙera daga shekarar 2000 suna da lamba huɗu a gefe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Agogon tafiya kuwa ba abin dogaro ba ne, domin na tsofaffin motoci da yawa yakan koma sifiri bayan 99,999.

Bayan dubawa sai lissafi. A je tasha da wajen dillalai a tambayi nawa aka sayar da irinta kwanan nan. Kuɗin da aka biya ake nema, ba wanda mai kaya ya ambata ba. Ga misali kawai: a ce mai lafiya irinta ta kai Naira 2,000,000. Makanike ya ce gyaran wannan zai ci Naira 600,000. Saura Naira 1,400,000. Daga ciki za a cire la'adar mai gwanjo, da kuɗin jan mota idan ba ta tashi. Abin da ya rage shi ne abin da zai shiga hannu.

Kafin ranar gwanjo, magada ko 'yan ƙungiya su zauna su tsayar da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. A rubuta shi, a sa hannu gaban shaidu, a ba mai gwanjo. A kuma daidaita la'adarsa tun da wuri. Idan tayin jama'a bai kai ba, a ce albarka, a mayar da mota gida. Wasu masu saye sukan haɗa baki su ƙi ƙara wa juna. Wannan takarda ce maganinsu.

A Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin motoci don sha'awa, kuma sun fi son wadda ba a canza mata komai ba. A nan kuwa mai saye aiki yake nema. Abin da ya dame shi shi ne ko za ta ɗauki buhuna, kuma ko ana samun kayan gyaranta a kusa. Son da iyali ke yi wa motar mahaifinsu ba ya ƙara mata kwabo a filin gwanjo.

Daga ƙarshe, mai sayarwa ya faɗi aibin motarsa, kada kuma ya sa ɗan kore ya riƙa ƙara kuɗi alhali ba saye zai yi ba. Wannan ha'inci ne. Mai saye shi ma ya zo ranar dubawa ya gani da idonsa, domin ba a cinikin biri a sama. Allah ya sa albarka a cikin nema, amin.