Madatsar Lagdo da Ambaliyar Binuwai

Duk shekarar da kogin Binuwai ya yi ambaliya, kamar 2012 da 2022, sai a ɗora laifi kan madatsar ruwa ta Lagdo da ke kusa da Garwa a Kamaru. A ganina hakan bai dace ba. Tun 1982 take tare ruwan damina tana ba arewacin Kamaru lantarki, amma idan tafkin ya cika maƙil, dole a buɗe ƙofofi, in ba haka ba bangon ya fashe. Wani zai ce, ai gonakin shinkafar Adamawa ne ruwan ke cinyewa. Gaskiya ne, kuma manoman Garwa ma suna shan wannan asarar. Sai dai madatsar Dasin Hausa, wadda aka tsara ta tare ruwan kafin ya isa Yola, har yau Najeriya ba ta gina ta ba.