Barcin da ya gudu ba a sayo shi da yawan ƙwaya

Jawabin ma'aikatan lafiya a taron iyalai na Dapaong da Zangon Sokode. Mun buga shi a nan saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

  

Yau maganar barci za mu yi. Tun da hare-hare suka taso a arewacin Togo a ƙarshen 2021, ga kuma abin da ke faruwa a Burkina Faso, mutane da yawa sun bar gidajensu cikin dare, wasu daga Kpendjal da Mandouri, wasu ta Cinkassé suka shigo. Wanda ya taɓa gudu cikin duhu da yaro a goye, ko ya samu wurin kwana, kunnensa ba ya kwanciya. Babur ya wuce, ya farka. Kare ya yi haushi, ya zabura. Wannan ba hauka ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Jiki ne ya saba da gadi, bai riga ya yarda cewa an tsira ba.

Abin da ya sa muka tara ku shi ne yadda ake neman maganin wannan hali. Kwanan baya wata baiwar Allah ta kawo mana kwalba, ta ce ɗan'uwanta ne ya aiko mata daga Lome. A ciki akwai wasu 'yan abubuwa masu launi da taushi kamar alewa. Ta ce tana shan ɗaya, bai yi mata ba, ta koma uku, kuma takan ba ɗanta rabi in ya dame ta da kuka. Sunan abin melatonin. Mun gode mata da ta tambaya, domin tambayarta ta amfani kowa.

Mene ne melatonin?

Wani sinadari ne da Allah ya sa ƙwaƙwalwar kowane mutum take yi da kanta. Duhu ya shiga, sai ya ƙaru a jini. Haske ya fito, sai ya ragu. Aikinsa ya sanar da jiki cewa dare ya yi, kamar yadda ladan yake sanar da lokacin salla. In ladani goma suka kira salla tare, lokaci bai canja ba, ƙara kawai ta yi yawa. Haka wannan magani yake. Kaɗan ya isa ya yi aikinsa, kuma ƙari ba ya kawo ƙarin barci mai daɗi. Yana iya taimakon wanda lokacin barcinsa ya rikice, amma ba ya kore tsoro, ba ya share abin da ido ya gani.

In an sha da yawa, ga abin da ke biyo baya: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, da nauyin jiki washegari har mutum ya kasa aiki. Ga wasu kuma yana kawo mafarkai masu ƙarfi da firgita. Ku duba, mutumin da mugun mafarki ya hana shi barci ya je ya sayi abin da zai iya ƙara masa mafarkin.

Masu sayarwa kan ce ai ba magani ba ne, ƙarin abinci ne, ba ya cutarwa. To ga abin da ya faru a Amurka, inda ake sayar da shi ba tare da takardar likita ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ba da rahoto a 2022 cewa yaran da aka kai ƙarar sun haɗiye shi sun tashi daga 8,337 a shekarar 2012 zuwa 52,563 a 2021. Yawancinsu ƙanana ne da suka tsinci kwalba a gida. Mafi yawa sun warke lafiya, amma a cikin shekaru goman nan an kwantar da fiye da 4,000 a asibiti, biyu kuma sun rasu. A 2023 masu bincike a can suka auna iri 25 na mai kama da alewa, suka tarar 22 ba su dace da abin da aka rubuta a jikin kwalba ba. Ɗaya ma ya ninka abin da aka rubuta fiye da sau uku. A Faransa kuwa, abin da aka yarda a sa a irin wannan kaya bai kai miligiram 2 a rana ba, kuma tun 2018 hukumar lafiyar abinci ta ƙasar ta ce kada a ba yara da matasa, da mai ciki, da mai shayarwa, mai farfaɗiya da mai asma kuma sai da shawarar likita. Amma za ku ga kwalabe masu miligiram 5 ko 10 a ƙwaya ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mai shan maganin hawan jini, ko na ciwon sukari, ko na tsinka jini, kada ya haɗa da shi sai ya tambaye mu.

Ƙwayoyin kasuwa

Mun san yawancinmu ba melatonin muke samu ba. Abin da ke kusa shi ne na mai tebur a kasuwa da tasha: Valium, Piriton, da ruwan maganin tari. Waɗannan sun fi shi haɗari. Valium yana kama jiki. Bayan 'yan makonni ƙwaya ɗaya ba ta isa, in kuma aka haɗa shi da tramadol ko giya yana iya tsayar da numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, magani ɗaya cikin goma jabu ne ko mara inganci. A nan Lome ma shugabannin ƙasashen Afirka suka zauna a Janairun 2020 kan wannan matsala.

Ku tuna kuma yadda muke kwana. Ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, jariri a gefen uwa, ga fitila ko garwashi kusa. Uwar da ƙwaya ta danne tana iya juyawa kan jaririnta ba ta ji ba. Uban da ya sha uku ba zai ji ƙaurin hayaƙi ba. Ɗan zemijan da ya wayi gari da jiri yana ɗauke da ransa da na fasinja.

Abin da muke roƙonku

Kada a ba yaro maganin barci kowane iri, sai likita ya rubuta. Yaron da ke firgita ko fitsarin kwance bayan gudun hijira, rarrashi yake so da tatsuniya, ba duka ko ƙwaya ba.

A ajiye magani a sama ko cikin akwati mai makulli, ba ƙarƙashin matashi ba. Kada a ce wa yaro magani alewa ne.

In yaro ya haɗiye, kada a tura masa yatsa a baki, kada a ɗura masa manja ko madara. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar, a garzaya asibiti mafi kusa ko babban asibitin Dapaong ko na Sokode. Kada a jira gari ya waye.

Wanda ya daɗe yana shan Valium kada ya yanke dare ɗaya, domin yin haka na iya jawo jijjiga. Ya zo mu rage masa sannu a hankali. Ba za mu kunyata kowa ba.

Abin da ke dawo da barci

A tashi lokaci ɗaya kullum, a fita hasken safe. A bar ataya da kofi da goro bayan la'asar. Ƙailula ta zama gajera. A ajiye waya bayan isha'i, musamman hotunan hare-hare da ake turawa ta WhatsApp. Kallonsu da dare kamar sake gudun ne. A kwana cikin gidan sauro. In tsoro ne ya hana gida barci, manya su raba dare tsakaninsu, domin wanda ya san wani na ido biyu ya fi samun runtsawa. A riƙe addu'ar kwanciya, a kuma samu wanda za a gaya wa abin da ke zuciya.

In rashin barci ya kai wata guda, ku zo. Akwai cibiyar Yendube a Dapaong mai kula da damuwar zuciya, za mu haɗa ku da su. Wanda ya ji rayuwa ta ishe shi, ya zo a ranar, ko wani ya rako shi.

Mai kwalba a gida da bai san ta ba, ya kawo mu duba tare. Komai nisan dare, gari zai waye. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.