KAYAN ZAMANI SUN ZO, INA MAI GYARA?

Jawabin malaman lakwal a taron shekara na ƙungiyar ƴan garinmu, bayan girbi

 

Mai gari, ranka shi daɗe. Liman da malamai, Allah shi gafarta muku. Iyayenmu maza da mata, shugaban ƙungiya da ƴan biro, ƴan'uwa da suka taso daga Yamai, Maraɗi, Damagaram, Agadas, Kano da Legas, da waɗanda ba su samu zuwa ba amma takardar nan za ta iske su: muna gaishe ku, muna yi muku barka da kaka. Mun gode da kuka ba mu dama mu yi magana gaban manya. Mu ɗiyanku ne. In mun yi kure, ku gyara muna.

Magana guda muka zo da ita, kuma daga bakin fanfo za mu ɗauko ta.

ABIN DA YA FARU DA BAZARA

Kowa ya tuna yadda shaton ruwa ya tsaya da bazarar da ta wuce. Kwana 23 babu ko ɗigo. Iyayenmu mata suka koma tsohuwar rijiyar siminti da wasaki da igiya, tun asuba har rana ta take. Mu a lakwal mun ga abin cikin littafin kiran suna: a ajin CM2, rabin ƴan mata ba su zo ba tsawon kwanakin nan, suna bakin rijiya, ga jarrabawa ta matso. Dabbobi suka rame. Gudawa ta kama yara saboda ruwan da ake sha.

Aka buga waya, aka yi ta jira, ranar ashirin da uku mai gyara ya iso daga Maraɗi. Ya buɗe akwatin wuta, ya iske waya guda ta ƙone. Ya canza ta, ya sa aka wanke pano ɗin da ƙura ta rufe. Bai cika awa guda ba ruwa ya hau. Kuɗin mai, da abincinsa, da ladan aikinsa suka tashi jikka 65 daga asusun ruwa. Ba mu ga laifinsa ba: garuruwa da yawa ke jiransa, kuma sana'arsa ce. Abin da ya dame mu shi ne, a gari mai ɗaruruwan samari, ba a samu mutum guda da ya san abin da ke cikin akwatin nan ba.

DARASIN AMALANKE

Dattawa sun fi mu sanin tarihin nan. Rijiyar simintin da muka koma wa, OFEDES ta gina irinta a garuruwa da yawa tun zamanin Diori Hamani. Har yau tana aiki, don ba ta bukatar komi sai igiya da yasa, kuma muna da masu yasa. Bayan farin 1973 da na 1984 aka haƙa foraji ko'ina, aka kafa fanfunan hannu irin India da na ƙafa irin Vergnet. Ku zaga karkara ku gani: nawa ne suka zama turken ɗaure jaki? Sau da yawa ba wani babban abu ya kashe su ba. Robar da ke jawo ruwa ce ta cinye, ko sarƙa ta rasa man shafawa. Mai canza su ne babu, kayan canjin kuma sai birni.

To, ku dubi amalanke. Shi ma baƙo ne, kakanninmu ba su san shi ba. Ma'aikatu irin ACREMA ta Tawa, UCOMA ta Damagaram da CDARMA ta Doso suka riƙa ƙera shi. Amma da maƙera da masu walda na kasuwanninmu suka koyi yinsa da gyaransa, sai ya zama ɗan gida. Yau shi ke kai taki gona, shi ke kawo hatsi, shi ke kai mai naƙuda likita in hanya ta ɓaci. Ba wanda ke jiran wani daga birni in ƙafarsa ta karye.

Ga darasin: kayan da muka iya gyarawa, namu ne. Wanda ba mu iya ba, aro ne, ko da mun biya kuɗinsa. Magabata sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

ABIN DA KE HANNUNMU YAU

Ƴan'uwa ƴan ci-rani, Allah shi saka muku. Da guminku aka sayi mafi yawan kayan da ke cikin garin nan. Bari mu lissafa su.

Akwai moto. Shi ne motar asibitinmu, shi ne tashar motarmu, da shi samari ke kabu-kabu. Amma moto nawa ne ke jingine a zaure? Ƙurar hanyarmu tana toshe matatar iska, man inji yana baƙi ba a canza ba, ana zuba man kwalba mai datti, sai inji ya buga tun bai kai shekara biyu ba. In ya lalace, sai a ɗora shi bisa amalanke a jira ranar kasuwa.

Akwai tarho. Da, wasiƙa takan yi wata guda tsakanin Abijan da nan, kuma sai an nemi mushe ya karanta. Yau ɗa yana aiko kuɗi ta Nita ko Al Izza, a karɓa kafin la'asar. Amma in gilashin tarho ya fashe ko bakin caji ya mutu, kuɗin motar zuwa gyara yakan fi kuɗin gyaran.

Akwai pano da batir. Mun ga amfaninsu a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke kuran ɗin da take ba ƙasarmu, wanda layinsa ke zuwa yankinmu daga Katsina ta Gazawa. Birane suka shiga duhu da yanke-yanken wuta har cikin 2024, mu kuwa da rana ke ba wuta fitilunmu ba su mutu ba. Sai dai batir nawa muka kashe da hannunmu? Batir irin wanda muke saye, in ana tatse shi har ƙarshe kullum, ba ya daɗewa. Pano kuma in ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, ƙarfinsa raguwa yake. Shafa shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ya isa, amma sai an gaya wa mutum.

Akwai firijin likita, inda ake ajiye allurar rigakafin yara. In ya tsaya, maganin ya ɓaci. Akwai injin niƙa, wanda ya hutar da iyayenmu mata daga daka.

Duk waɗannan suna jiran hannu guda: hannun mai gyara. Kowace shekara kuɗin da kuke aikowa suna shigowa ta ƙofa, su fita ta taga zuwa garejin birni.

LAIFINMU MU MALAMAI

Ba za mu ɓoye namu laifin ba. Mun daɗe muna gaya wa yara: yi karatu ka zama komi, ka zauna biro. Haka aka gaya muna, haka muka maimaita. Yaron da bai ci jarrabawa ba mukan dube shi kamar ya ƙare, ko da shi ne ke kwance rediyo ya mayar.

Da can maganar tana da gaskiya. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ƴan kai, mai takarda kaɗan ne, gwamnati na nemansa. A ƙidayar 2012 mun wuce miliyan 17, yau kuwa mun haura 25. Babu gwamnatin da ke da kujerun biro na wannan jama'a. Mu kanmu da ke gabanku, da yawanmu da kwantiragi muka fara aiki, kuma kun san ƙannenmu masu BEPC, har da masu bak, da ke zaune a fada suna shan shayi.

Kar a fahimce mu a karkace. Ba mu ce a cire yaro daga lakwal a kai shi gareji ba. Mai gyaran pano na yau sai ya karanta lambobin na'urar awon wuta, ya lissafa ƙarfin batir, ya gane takardar da ta zo da inji. Karatu shi ne tushe. Yaron da Allah ya ba kai, mu tura shi har jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko makarantar EMIG ta Yamai. Abin da muke cewa, hanya ba guda ba ce. Gwamnati ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM a komin-komin, da kolejojin fasaha, CET, waɗanda ke karɓar yara bayan CM2, ga kuma lisen fasaha ta Dan Kassawa a Maraɗi. Ana koyar da aikin lantarki, gyaran inji, walda, gini, kafinta, ɗinki. Ɗiyan garinmu nawa ne a ciki? Mun duba, ba mu samu ko guda ba.

Kuma aiki na tafe. A 2021 aka aza tubalin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita wajen 284. Ranar da jirgi ya fara shigowa, za a nemi masu walda da masu lantarki. In ɗiyanmu ba su iya ba, dako za su yi, wasu su ci riba.

ABIN DA WASU ZA SU CE

Mun san maganganu uku da za a yi, gara mu amsa su a nan.

Wani zai ce: gidanmu ba gidan ƙira ba ne, ɗana ba zai taɓa ƙarfe ba. Iyayenmu, da girmamawa muke cewa: ba mu raina gado ba, kuma maƙeran garin nan su ne malamanmu na farko cikin wannan sha'ani, da su za mu fara shawara. Amma ɗan da aka hana riƙe sifana a gida, shi ne ke tura baro a Legas ko haƙar zinari a Jado, inda ba mai tambayar gidansu. Wanne ya fi mutunci?

Wani zai ce: in sun iya, tafiya za su yi. Wasu za su tafi, gaskiya ne. Amma mai sana'a in ya tafi, abin da zai aiko ya fi na lebura. Kuma abin da ke tsaida mutum gida shi ne abinci. Moto da tarho da pano na garin nan da ƙauyukan da ke kewaye sun isa su ciyar da masu gyara uku ko huɗu, in dai mun daina cewa "ai ɗanmu ne" muna hana shi ladansa.

Wani zai ce: wannan na maza ne. Su wa suka sha wuya da shato ya tsaya? Mata. Gyaran tarho a cikin ɗaki ake yinsa, wanke pano da riƙe littafin kuɗin ruwa ba su fi ƙarfin ɗiya mace ba, kuma ita ce ta fi zama gari.

SHAWARWARINMU

1. Ƙungiya ta buɗe asusu na musamman don koyon sana'a. Littafin ƙungiya na da ƴan ci-rani 80 masu biya. In kowa ya ƙara jikka guda a wata, jikka 960 ke nan a shekara.

2. Kowace shekara a zaɓi yara 4, maza 2 mata 2. Malamai su kawo sunaye, mai gari da iyaye su amince a bainar jama'a. A fara da lantarkin rana da fanfo, sannan gyaran moto da tarho.

3. Ƴan'uwa mazauna Tasawa da Maraɗi su karɓi yaran a gidajensu, su sa musu ido. Ba za mu tura ɗiya mace ba sai gidan da uwayenta suka yarda da shi.

4. Kayan aikin da za a saya mallakar ƙungiya ne. Wanda ya gama ya yi shekara 3 yana aiki a gari, ana biyansa, daga nan kayan su zama nasa.

5. Kwamitin ruwa ya ware dala guda daga kuɗin kowane bido don sayen kayan canji a ajiye, kuma a karanta lissafin asusun gaban jama'a kowane wata uku.

6. Kowane jariri a yi masa takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60. In sun wuce, sai an bi ta wurin alƙali. Jarrabawar CFEPD da aka maido a 2024 sai da ita. Mu malamai mun ɗauki alkawarin rubuta sunayen duk yaran da ba su da ita, mu kai meri kafin hutun Disamba.

Namu alkawarin na biyu: kowace Laraba da marece, za mu kai ƴan CM1 da CM2 wurin maƙeri, da mai injin niƙa, da gindin shato, su ga yadda abubuwa ke aiki, su yi lissafi a kai. Wanke pano kuwa, daga makon gobe lakwal ta ɗauke shi.

Jama'a, hannu guda ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon biro ya sa wannan magana a ƙuri'a yau, kafin motocin gobe su kwashe ku, don bazara ba ta jiran taron baɗi. Wanda ke nesa ya aiko da ra'ayinsa ta hannun wakilin garin da yake zaune.

Allah shi ja zamanin mai gari, shi ƙara wa dattawa lafiya, shi maida matafiya masaukinsu lami lafiya, shi sa albarka ga abin da muka girbe, shi ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.