Kafaɗar Mai Ɗaga Ƙarfe

A birnin Faris a 2024, Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 tana kwance a kan benci, ta kawo wa Nijeriya lambar zinariya a gasar Olamfik ta nakasassu. Kowa ya yi tafi. To amma mai keken guragu da kafaɗar da yake ɗaga ƙarfe yake tura kekensa. In jijiyarta ta yage, wasa ya tsaya, fita ƙofar gida ma ta gagara.

Galibi gaggawa ce ke jawo raunin: a ƙara nauyi jiki bai saba ba, ko a koma atisaye ciwo bai warke ba. Masu horarwa, in ɗan wasa ya ce kafaɗa na masa zafi, don Allah ku sauke masa ƙarfen.